Gwangwanin da Baba Ya Tsinta

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, wata Laraba da hantsi, mota ta daki gefen kwalbatin ƙauyenmu kusa da Dogon Dawa, aka ce ni na jawo. Ina da shekara goma sha biyu ko kusa da haka.

Ƙaramar mota ce ta wani mai sayen katako, direbansa kaɗai ke ciki. Wilin gaba, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya lanƙwashe, iska ta fice. Direban ya sauko ya tarar da ni a bakin hanya da jakinmu da damin itace. Ya kama kunnena har maƙerar Baba. Ya ce dutse na ajiye masa a titi, kuma in maigidansa ya zo sai gaban alƙali. Mutane suka yarda, don an san halinmu. Mu yaran bakin hanya mukan ajiye gwangwanin madara a titi, motocin katako su take mana shi, mu yanka mu yi motar wasa. Mata suka leƙo ta kan danga. Inna ta bar dakan dawa ta tsaya da taɓarya a hannu.

Baba maƙeri ne, fartanya da gatari yake ƙerawa. Bai yarda da kowa ba. Ko gawayi aka kawo masa, sai ya zazzage buhun ya ga ƙasansa. Ya dube ni ya ce, "In kai ne, da hannuna zan miƙa ka." Ya dubi direban ya ce, "Malam, kwance mini ƙafar motar."

Ba ya dukan ƙarfe sai ya san abin da ya fara dukansa. Aka cire tayar. Ya zura ƙotar fartanya a ramin tsakiyar wilin, ya juya shi, ya kara gawayi a bakin wilin. Inda gawayin ya tsallake, nan ne ciwon. Ya shafa wurin, farin gari ya biyo yatsansa. Ya ɗora wilin a ka ya nufi kwalbati, rabin gari na biye da shi, ni a tsakiya. Ya durƙusa ya kara lanƙwasar a kusurwar simintin. Ta zauna daram kamar murfi a bakin tukunya.

"Dutse ba ya yanka a miƙe haka," in ji Baba. "Tsohon hannu ka biyo, ka tuna a makare, ka fizgo."

Direban ya dubi ƙasa. Aka watse.

Baba ya gasa bakin wilin a wuta har ya yi ja kaɗan. Ya ɗora guntun katako a kai yana dukan katakon, don kada guduma ta ci ƙarfen. Bai tsoma shi a ruwa ba, a toka ya bar shi ya huce. Ya sake juyawa, gawayi ya zagaye bai tsallake ko'ina ba. Mai facin keke ya liƙe robar ciki. Kafin la'asar motar ta tafi.

Ina murna na tsira, sai Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin madara, wanda mota ba ta taka ba. Ya ajiye shi a kan uwar maƙera.

"A tsakiyar titi na tsince shi, taku goma kafin kwalbati."

Nawa ne. Ni na ajiye. Har yau ban sani ba ko shi direban ya kauce wa, ko hannun tuƙi ne ya ruɗe shi. Baba bai dake ni ba, bai kuma tambaye ni ba. Ya ɗora gwangwanin a kan katangar maƙera, daidai inda nake zama in yi zuga. Yana nan har Baba ya rasu.

Yanzu babu maƙerar, babu ƙauyen. Masu bindiga sun fito daga daji sun tashe mu. Guduma kaɗai na ɗauko, da ita nake gyaran wilin mota. Wilin zamani ba ya lanƙwashewa kamar na da, tsagewa yake yi. Duk direban da ya zo ya ce rami ne. Ba na musu, juyawa nake yi da gawayi.

Ina Funtuwa, bakin hanya, ƙarƙashin rumfar kwano, da gudumar Baba.