Ranar da Muka Ɓoye Raƙumin Mudir

Ko tsufa zai share duk abin da ke cikin kaina, akwai abu ɗaya da ya faru da ni a Riyadh da na san ba zai gogu ba. Ni da wani dattijo muka ɓoye raƙumi saboda tsoron haraji, raƙumin ma na roba da ƙarfe. Har yau in abin ya faɗo min ina cikin cin abinci sai na ƙware, iyalina su yi ta tambayata lafiya.

A lokacin ina aiki a wani ɗan gidan wasan yara a unguwar Al-Naseem. Injinan wasa ne cike da wurin. Akwai motar tsere mai sitiyari, akwai na harbi, akwai akwatin gilashi mai ƙugiyar kamo 'yar tsana, sai kuma dabbobin hawa, doki da agwagwa da raƙumi. Yaro zai sayi ƙwandalar wasa a wurina a kan kanta, ya jefa a cikin injin, abin ya kama aiki. Raƙumin nan shi ne ɗan gatan shagon. In aka jefa masa ƙwandala sai ya fara rangaji gaba da baya, yana wata waƙa mai ƙarar tsiya, idanunsa na kawo jar wuta.

Mu biyu ne ma'aikata. Ni ina kan kanta, sai wani dattijo mutumin Maradi da kowa ke kira Kawu, shi ke shara da goge injina da ɗora yara a kan dabbobi. Ya kusa sittin, ga barkwanci, kullum sai ya tsokane ni wai Bakano ba ya gaisuwa sai ya ji ƙamshin ciniki. Mai shagon, wanda kuma shi ne kafilinmu, wato wanda izinin zamanmu a ƙasar ke ƙarƙashin sunansa, wani Balarabe ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Mudir muke ce masa, wato manaja.

Ana gab da shiga shekarar 2018 gari ya ɗauka cewa za a fara karɓar haraji, dariba a bakin mutanen can. Ƙasar da ba a saba da abin ba, sai kowa ya zama malami a kai. Wata rana Mudir ya shigo fuska a murtuke, ya tsaya tsakiyar shago yana kallon injinan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wallahi in daribar nan ta cinye min riba, mutum ɗaya zan riƙe. Biyu sun fi ƙarfina." Bai kalli kowa ba, amma ba sai ya kalla ba. Iƙamata, katin zama ke nan, da sauranta sosai. Ta Kawu kuwa a watan gobe za ta ƙare, kuma in kafili bai sabunta maka ba, sai jirgi. Mudir na gama faɗar haka ya kwashi iyalinsa suka tafi Umara, ya bar mana makulli.

Kwana biyu Kawu bai tsokane ni ba. Nan na san abin ya kai masa har ƙashi. Rana ta uku da safe, kafin mu buɗe, sai ya jawo ni bayan motar tsere ya rage murya kamar akwai mai jinmu.

"Bakano, ka san jangali?"

Na ce ina jin labarinsa dai.

"To ni da idona na gani. Ina ƙarami, in aka ce masu ƙirgar shanu na tafe, babanmu sai ya raba garke biyu. Ramammu a bari a gida, masu ƙiba mu kora su can cikin kwari mu kwana uku. Su zo su ƙirga abin da suka gani su tafi. Haraji duk duniya ɗaya ne, kai ake ƙirgawa. Ba ka ga yadda Mudir ke kallon injinan nan ba? Ƙirga su yake."

Ni kuma maimakon in ce a tsaya a bincika, sai na ji maganar ta zauna min daram. Ai ni ma a Kano na sha ganin 'yan haraji sun shigo layi, masu shago na ta cusa kaya ƙarƙashin tebur, wani ya tura janareto gidan maƙwabci. Na ce, "Kawu, wallahi kanka na ja!" Ya gyara hula ya ce ai shi ya sa ake zama da manya. Yanzu in na tuna yadda muka tafa a wurin, mu biyu ƙatti, kowa na jin ya fi ɗan'uwansa wayo, kunya da dariya ke kama ni lokaci guda.

Kawu ne ya yi zaɓe, kuma da gaske ya yi shi, yana zagayawa yana shafa bayan kowane inji. Wanda ya kwana biyu, fenti ya koɗe, ya ce wannan ramamme ne, a bar shi. Raƙumi da doki da akwatin 'yar tsana kuwa masu ƙiba ne, su za a kora. Kwarin da za a kai su shi ne ɗakinmu na haya a unguwar Ulaisha, hawa na biyu, inda muke kwana da wasu 'yan'uwa masu aikin gini.

Na kawo a-kori-kurar shago muka loda, muka lulluɓe da barguna. Sai dai wuyan raƙumi ya ƙi ɓoyuwa. Muna hawa babban titi iska ta yaye bargon, ga kan raƙumi tsaye ƙiƙam a bayan mota yana murmushi. Yara a cikin motoci suka dinga ɗaga masa hannu, wani direba ya yi mana hon yana dariya. Kawu ya nutse a kujera yana ta Hasbunallahu, ni kuwa duk motar 'yan sanda da na hango sai in rage gudu. Ga sanyin hunturu, amma gumi nake har cikin takalmi.

Hawa benen nan kuwa ba a magana. Matattakalar tsohon gida ce, ƙunci kamar maƙogwaro. Ina sama ina jan wuya, Kawu na ƙasa yana tura gindi yana ce min, "Bi da shi a hankali, kada ka karya masa ƙafa!" Na ce, "Kawu, roba ce fa!" Ya ce ko roba ce amana ce. Da ƙyar muka shigar da su, muka jingine katifu a bango, muka gargaɗi mutanen ɗaki da babbar murya cewa kada wanda ya taɓa. Suka ce haba, su yara ne?

Muka koma muka buɗe shago muna jiran masu ƙirga. Duk wanda ya shigo da farar jallabiya babu yaro a hannunsa, sai Kawu ya ƙifta min ido, mu sa fuskar talauci. Wani bawan Allah banɗaki kawai yake nema, amma sai da Kawu ya bi shi yana ce masa kasuwa ta mutu, injinan ma duk tsofaffi ne. Yara kuwa suka dinga zuwa suna tambayar ina raƙumi, wasu su fashe da kuka iyayensu su juya da su. Ciniki ya faɗi warwas, mu kuma muna murna wai dabara na aiki.

Ana haka, ranar Juma'a bayan La'asar, sai ga mutum ya shigo. Ba mai ƙirga ba ne, Mudir ne, ya dawo tun kafin ranar da ya ce. Ya tsaya daidai inda raƙumi yake zama, yana kallon shatin ƙafafunsa a kan tayil. Ya juyo a hankali.

"Ina injina?"

Ya sake tambaya da ƙarfi, ya zaro waya ya ce yanzu zai kira shurɗa, 'yan sanda ke nan. A nan dariya ta ƙare min. Baƙo a ƙasar can a ce ya saci kayan kafilinsa, ba kora kaɗai ba ce, sai ya ga ɗakin duhu tukuna. Kawu ya matsa ya riƙe masa hannun riga ya ce da guntun Larabcinsa, "Ya Mudir, suna nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Ɓoye maka su muka yi."

"Ɓoye min? Daga wa?"

"Daga masu dariba."

Mudir ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce mu shiga mota. Ya ja mu sai Ulaisha.

Tun daga ƙasan bene na ji abin da ya tona mana asiri. Waƙar raƙumi ce ke tashi, da tafi, da ihu. Ashe mutanen ɗakinmu, da yake ranar hutu ce, sun jona shi a wuta, sun tsinci ƙwandala a aljihun rigar aikin Kawu, sun gano yadda ake buɗe cikinsa a sake ciro ta. Mudir ya tura ƙofa. Ɗaki cike maƙil, 'ya'yan maƙwabta sun yi layi har baranda, ga kuma wani ƙaton magini ɗan Damagaram, mai gemu har ƙirji, zaune a kan raƙumi ya naɗe rawani da tawul, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa. Tafi ya tsaya cak. Raƙumi kuwa bai san an yi baƙo ba, sai da ƙwandalarsa ta ƙare zai tsaya. Maginin nan ya rasa yadda zai sauka, sai ya ɗaga hannu yana rangaji gaba da baya ya ce, "Salamu alaikum, ya Mudir."

Na ga leɓen Mudir na rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Sai kawai ya fashe, ya dafa ƙofa, ya zame ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye, ƙyallen kansa ya faɗo. Ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka. Ni ma na yi ta yi har cikina ya ƙulle, rabi dariya rabi godiya ga Allah.

Kawu kaɗai ne bai yi dariya ba. Da muka fito matattakala, Mudir ya share ido ya yi mana bayani. Babu mai zuwa ƙirga inji. Harajin a kan abin da mai saye ya biya yake, kwamfutar kan kanta ce ke ƙara shi da kanta, ita ke kuma ajiye lissafi. Ɓoye raƙumi bai rage komai ba sai cinikinsa. Sannan ya tambayi Kawu me ya kai shi, dattijo da shi.

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai ka ce mutum ɗaya za ka riƙe. Na san ni ne zan tafi. Ina da yara a makaranta a Maradi, kuma a shekaruna babu mai ɗaukata wani aiki. Na ce in harajin ya yi maka sauƙi, ƙila ka bar ni."

Mudir ya miƙa hannu ya ce, "Kawo iƙamarka." Kawu ya zaro katin ya ba shi, don a zatonsa shi ke nan. Mudir ya duba ranar da ke jiki, ya sa a aljihu, ya ce, "Gobe zan sabunta. An sha sace min kaya, amma ban taɓa ganin wanda ya sace min don ya taimake ni ba. Yalla, yadda kuka hau da shi haka za ku sauko da shi." Kawu ya juya fuska bango, kafaɗunsa na motsi, ni kuma na yi kamar ina gyara takalmi.

Abin da na koya a ranar bai taɓa barina ba. Dabarar gida ba ko'ina take ci ba, kuma baƙon da bai tambaya ba wahala zai sha a banza. Amma wanda ya fi zauna min shi ne yadda tsoro ke rufe wa mutum baki. Mun yarda mu ratsa Riyadh da kayan da za su iya kai mu kurkuku, mu hau bene da su a kafaɗa, don kawai ba za mu iya tsayawa gaban mutum mu ce masa muna jin tsoro ba. Tun daga lokacin, in abu ya dame ni ina faɗa, in kuma wani na cin abinci a ƙarƙashina, ba na sakin maganar da za ta hana shi barci in kama hanya in tafi.