Wayar da Almu Ya Zaɓa wa Ladan

A Ƙofar Marusa in ka ce kana neman Almu, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Almu Zaɓa-mani kuwa, har mai wucewa a kan babur zai nuna maka shagon. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a gindin teburinsa Almu ya tashi yana wasa da batir da guntayen waya. Da rediyo ta ja baya, uban kuma ya rasu, sai ya share teburin ya jera wayoyin hannu. A nan ya yi aure, a nan ya yi suna.

Sunan kuwa mutane suka sa mashi. Dattijan unguwa ba sa tsayawa dube-dube. Mutum zai shigo, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya ce, "Almu, zaɓa mani ta ƙwarai." Shi ke nan ciniki ya ƙare. Kuma tsakani da Allah, shekara da shekaru bai taɓa ba wani abin da ya zo ya yi kuka da shi ba.

Sai wani sabon kamfani ya shigo gari. Suka shafe mashi shago da fenti, suka kafa mashi ƙatuwar lema a ƙofa, ga ɗan ihsani a kan kowace wayarsu da ya sayar. Wayar ga kyau ga araha, sai dai cike take zuwa da manhajoji tun daga kwali: ta caca, ta bidiyon raye-raye, ta wasanni. Ka goge ba sa goguwa. Da zarar data ta shiga, sai su riƙa jefo talla a fuskar wayar yadda suka ga dama. Almu ya san wannan sarai, shi da yake buɗe kwalayen da hannunsa. Samari dai tsaki suke yi su wuce, shi ma sai ya ce a ransa ai ba wani abu ba ne.

Ana nan sai ga Baba Dabo, ladanin masallacin unguwar. Tun Almu bai san kansa ba muryar wannan tsoho ke tashin Ƙofar Marusa. Aminin mahaifinsa ne, shi ya yi mashi huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Tsohuwar wayarsa ce ta faɗa cikin bokiti.

"Ƙarama nake so, ɗana," in ji Baba Dabo. "Mai madannai, mai tocila. In kira a ji ni, in duba lokacin salla. Iyakarta ke nan."

"Haba Baba! Ɗiyarka Rashida tana Abuja, ba ka son ganin jikokinka suna motsi? Ka bar mani zaɓin nan."

Tsohon ya kalli ƙaramar da ke cikin gilashi. Sannan ya yi murmushi ya ce, "To, kai ka sani. Zaɓa mani."

Almu ya miƙa hannu ya ɗauko ta kamfanin lema. Da Rashida ta ji, murna ta kama ta, ta shiga turo wa babanta data ba fashi.

Abin ya faru ne wata Talata kafin La'asar. Mutane sun fara taruwa, Baba Dabo yana sahun gaba kusa da liman, Malam Isah. Ya ciro wayar don ya ga ko lokaci ya yi. Yana taɓa ta, sai ga wata mata kusan tsirara ta cika fuskar wayar tana karkaɗa jiki, kiɗa kuma ya ɓarke a cikin masallaci. Tsoho ya rikice. Ya danna nan, ya danna can, ƙara sai ƙaruwa take. Daga ƙarshe ya cusa ta ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

Liman ya yi gyaran murya ya dubi gabas. Na kusa suka sunkuyar da kai kamar ba su ga komai ba. Ai da ma wani ya buɗe baki ya yi faɗa, da ta fi sauƙi, da an yi bayani an wuce wurin. Amma wa zai dubi tsabar idon dattijo ya tambaye shi irin wannan? A masallaci aka yi shiru, a teburin mai shayi aka yi maganar, har da masu kwaikwayon rawar.

Washegari Baba Dabo ya aika cewa maƙogwaronsa na ciwo. Wani magidanci, Yusuf, ya karɓi lasifika. Mako ya wuce, wata ya wuce, maƙogwaro bai warke ba.

Almu yana sahu na uku ranar da abin ya faru, da idonsa ya gani. Kalma ɗaya ce za ta wanke tsohon, kuma tana bakinsa. Amma in ya faɗa, ya faɗa wa unguwa ke nan cewa duk wanda ya ce mashi zaɓa mani a 'yan watannin nan, wannan ƙazantar ya sa mashi a aljihu yana sane. Sai ya haɗiye. Kullum Yusuf ya ɗaga murya, sai Almu ya tuna da Baba Dabo. Tuwo ya daina yi mashi daɗi.

Matarsa Ramla ce ta gaji da ganinsa yana juya cokali a kwano.

"Wallahi ba ka kyauta ba, Almu," ta ce. "Matan unguwa na cewa tsufa ya zo wa Baba da lalacewa. Mutumin da ya yi maka huɗuba! Saboda lema?"

Almu ya ture kwanon ya tashi. Da hantsi ya rufe shago ya nufi gidan Baba Dabo.

Ya same shi a zaure a kan tabarma, ya rame, carbi a hannu. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Almu yana ta neman ta inda zai fara, sai tsohon ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani abu ƙunshe a tsumma. Ya ajiye a gabansa, ya kawar da kai.

"Ɗana, ka yafe mani, na ɓata maka waya," ya ce a hankali. "Ban san abin da na taɓa ba. Idona ba ya gani sosai, ƙila yatsana ne ya kai inda bai kamata ba. Na yi istigfari, na yi azumi, amma duk na kunna sai hotunan su dawo. Na ji kunyar kawo maka. Don Allah kada Rashida ta ji."

Innalillahi! Almu ya zo da shirin a zage shi, sai ga shi ana ba shi haƙuri. Ashe duk tsawon lokacin nan tsohon kansa yake tuhuma. Almu ya kwance tsumman, ya kunna wayar, ya danne manhajar da yatsa, ya juya mashi ya gani: babu wurin gogewa.

"Baba, ba abin da ka taɓa. Haka take zuwa daga kamfani. Duk irinta haka suke."

Baba Dabo ya ɗago ya dube shi.

"Ranar da ka ba ni, ka san da haka?"

"Na sani, Baba."

"Ranar masallaci fa, kana wurin?"

Almu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarmar mutane. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ja carbinsa, ya ce, "To. Allah ya shirye mu. In ƙaramar nan tana nan, ka aiko mani da ita."

A ranar Almu ya je ya gaya wa liman komai, ya kuma maimaita a ƙofar masallaci bayan Azahar. Kowa ya ce ai da ma shi bai taɓa zargin Baba ba, har da masu kwaikwayon rawar. Malam Isah da kansa ya taka har zaure ya roƙi tsohon ya dawo. Baba Dabo ya yi godiya, ya ce Yusuf na da murya mai kyau, a bar mashi.

Lemar tana nan a naɗe bayan shago, ta yi datti. Yanzu in ka shiga ka ce zaɓa mani, Almu ba zai zaɓa ba. Zai jera maka wayoyi, ya kunna kowace, ya nuna maka abin da ke ciki, wanda ke goguwa da wanda ba ya goguwa, sannan ya harɗe hannu ya jira ka. Wasu na jin haushi su tafi wani shagon, suna cewa Almu ya faye tsawaita zance.

Baba Dabo kuwa bai fasa jam'i ba. Sai an tayar da iƙama yake shigowa, ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma. In an sallame, Almu kan yi sauri ya ɗauko mashi takalmansa ya ajiye a gabansa. Tsohon ya sa mashi albarka, ya tambayi Ramla da yara, ya kama hanyar gida. Har yau bai sake taɓa lasifikar ba.