Kan Jirgin da Na So Baffa Ya Shafa

A shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka fito daga ƙasa suka cika mana kunne da kuka, Baffa ya zo wurinmu nan ƙasar waje, a garin Upper Marlboro, don a duba masa ido. Ƙanen mahaifina ne. Ya yi ƙuruciyarsa a reluwe a Zariya, yana zuba wa kan jirgi kwal. Likita ya gama dubawa ya ce ganin ya riga ya tafi, babu abin da za a iya yi, sai Baffa ya ce zai koma gida bayan babbar salla.

Wata Asabar ina wucewa ta garin Bowie, na ga wata tsohuwa ta baje kayan gidanta a bakin gareji. Cikinsu akwai kwali mai hoton kan jirgin ƙasa irin na da, mai hayaƙi. Na roba ne, gutsure-gutsure, sai mutum ya haɗa da kansa. Ta gaya mini na mijinta ne, ya fara haɗawa ya bari, wasu sassan kuma sun ɓace. Na saya, don Baffa ya shafa shi da hannu kafin ya tafi.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. A lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu ba, saboda haka hotunan takardar bayanin da ke cikin kwalin na bi. Na jera sassan a kan tebur a gareji. Babu bututun hayaƙi, babu fitila, babu sanda ɗaya cikin biyun da ke haɗa ƙafafu. Ko a wurin aikina na goge ofisoshi a unguwar Southwest, idona yana kan kwandon shara. Murfin biro ya zama bututu bayan na yanke shi na shafa masa baƙin fenti. Fitila kuwa dutsen tsohon ɗankunnen matata ne. Na daka gawayin turaren wutarta na zuba a mazubin kwal.

"Baban yara," in ji ta, "gobe kuma me za ka kwance mini? Firji?"

Sandar ce ta hana ni sakat. Na gwada tsinken sakace, ya karye. Na gwada wayar rataye riga, ta yi kauri. A ƙarshe na zare ƙarfe ɗaya daga wata karyayyiyar lema, ya yi daidai kamar don shi aka yi. Amma gam ya ƙi riƙe ƙarfe a jikin roba. In na manna na tafi masallaci, in dawo in tarar ya faɗo.

Baffa yakan laluba bango ya zo ya tsaya a ƙofa.

"Kai, injiniya, yau jirgin zai tashi ko mu nemi mota?"

"Saura kaɗan, Baffa."

"Miƙo in ji."

"A'a, sai ya haɗu."

"To. Mu a reluwe, mai saura kaɗan ba ya cin abincin rana."

Ya yi dariya ya koma ciki. Ni dai so nake ya taɓa shi cikakke, kada hannunsa ya faɗa a gurbin da babu komai.

Salla ta wuce, aka fara ɗaure masa kaya. Sai na tuna masu liƙin roba na bakin kasuwarmu. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san yadda ake yi wa fasasshen bokiti ko tsinkakken silifa: a sa wuƙa a wuta ta yi ja, a ɗora, robar ta narke ta kama. Ni kaina na yi hakan ba adadi. Na ɗauko wuƙar matata na ɗora a murhu, na aza ƙarfen lemar a kan ƙafar jirgin, na danna.

Robar bokiti takan yi laushi ta jira mutum. Wannan ba ta jira ba. Ta tsuke nan take kamar leda, ƙafar ta lanƙwashe, ta kusa da ita ta bi ta, har da sandar da ta zo da kwalin. Na fizge hannu, gefen wuƙar ya goga ɗakin direba ya huda shi. Wari ya cika garejin.

"Me ke ƙonewa?" Baffa ya tambaya daga ƙofa.

Na gaya masa. Ya miƙo hannu, wannan karon na ba shi. Ya bi bututun da yatsa, ya sauko kan tukunyar, ya tsaya a inda ya narke. Ya daɗe a wurin.

"Na taɓa ganin wanda ya yi haka a hanyar Kafancan," ya ce. "Amma shi da saniya ya yi karo."

Ya mayar mini. Washegari na kai Baffa filin jirgin sama. Na yi ta neman ƙafafu irin waɗannan a shagunan tsofaffin kaya, har yau ban samu masu girmansu ba. Abin da na yi asara: ƙafa biyu, sanda ɗayar da ta zo da kwalin, gefe guda na ɗakin direba, da wuƙa ɗaya.