Ranar da Kuɗi Suka Ƙare Mana Kafin Azahar

Har yau ban manta da ranar kasuwar Tudun Wada da tsabar kuɗi ta ƙare mana ba. Watana biyar a wani ƙaramin banki, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba. Aikina shi ne ƙiyasta kuɗin da za a kawo mana daga hedikwata kowane mako. In sun yi yawa a tuhume mu, in sun gaza jama'a su yi cirko-cirko.

Bayan canjin kuɗi da zaɓe, na ga har mai tsire yana karɓar tiransifa. Sai na rubuta wa manaja cewa ga alama mutane sun rage son takardar kuɗi, a rage abin da ake kawowa. Sau uku na sa "wataƙila" a rahoton, amma ya sa hannu.

Ranar kasuwar, kafin azahar akwatin mai biya ya yi fayau. Manaja ya kira ni ya ce, "Malam Nasiru, ga wataƙilarka can ta yi layi a waje, je ka ba ta haƙuri. Gobe ina son bayani kafin in taɓa takardar tabbatar da kai."

A gaban layin akwai Baffa Jauro, dattijon makiyayi daga Doguwa. Ya sayar da sa, an turo masa kuɗin ta banki, yana son su duka don ya biya wata karsana da ya gani. Na rusuna na gaishe shi, na ce ko zai tura wa mai ita ta waya.

"Ɗana, a rugarsu sai an hau dutse waya take magana. Kuma ba ya sakin igiya sai ya ji takarda a hannu."

"To Baffa, ko ka bar su zuwa mako mai zuwa?"

"Bara na bari. Kuɗin yanzu in sun kwana ramewa suke yi."

Sai da la'asar wani ɗan kasuwar hatsi ya kawo ajiya, muka biya shi. Na raka shi kara, wato kasuwar shanu, muka tarar an tafi da karsanar. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Na tsaya ina kallon yadda kuɗi ke tafiya. Wanda ya sayar da akuya ya nufi wurin masara, mai masara ya nufi wurin taki, kafin magariba kuɗin sun kamo hanyar komawa bankinmu. Ashe son takardar bai ragu ba, riƙe ta aka daina.

Haka na rubuta washegari, na nemi a ƙara mana kuɗi a ranar kasuwa kawai. Manaja ya karanta ya ce, "Ina wataƙilar?"

"Na bar ɗaya a ƙasa, ranka ya daɗe. Ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba."

Ya yi murmushi ya jawo takardar tabbatar da ni ya sa hannu. Tun daga ranar, ba na ƙiyasin mako sai na fara leƙa kara.