Na ninka magani saboda ƙanena ya karɓi motata

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na tsallaka Libiya, ina! Jinya na yi.

Tun da na bugu a ka a hatsari, jikina ba ya riƙe ruwa, fitsari kamar an buɗe pampo. Likita ya rubuta mini maganin feshi a hanci, sau biyu a rana.

Mai motar da nake ja zuwa Dirku ya ce fasinja sun gaji da tsaye-tsaye, ya miƙa wa ƙanena Hamidu makulli. Hamidun da ni na koya wa tuƙi! Ina zaune a unguwarmu Dagmanet a Agadez, yana ɗora hotuna daga Dirku. Wallahi kyashi ya ci ni, ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa.

Sai na ce bari mai mota ya ga na warke. Na mayar da feshi sau biyar. Fitsari ya tsaya cak, ni kuwa ɗan hanyar sahara, ban rage shan ruwa ba.

Kwana biyu, sai ciwon kai da amai. Inna ta ce zafi ne, ta dinga ɗura mini ruwa. An ce daga nan na faɗi ina jijjiga.

A asibiti aka ɗebi jini. Likita ya ce maganin ya tare ruwa a jikina, gishirin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta fara kumbura. "A tsayar da feshi. Ko kurɓi kada a ba shi sai na ce."

Inna ta ce, "A Agadez za a hana mara lafiya ruwa? Likita, ka ji tsoron Allah!"

Ƙarin ruwa mai gishiri, wato serom, aka sa mini a jijiya, ɗis-ɗis, ana ta awon jini. Kwana shida, kuɗin asibiti jika tamanin na sefa. Na tsorata matuƙa.

Hamidu ne ya biya, kuma kullum yana gefen gadona. Ran sallama na ce masa cikin gatse, "Direba, yaushe za ka ɗaga?"

"Yaya, ai ayari ya tafi tun Litinin. Na ƙi barinka, an ba wani motar."



Alhamdulillahi na warke. Inna, likitoci, Allah ya saka da alheri. Masu irin ciwona, kada ku ƙara feshi da kanku. In kai ya sara da amai, ku nufi asibiti, ku bar randa.

Wanda ke neman direba, ina da ƙane mai gaskiya. Ya fi ni iya tuƙi, yau na faɗa.