Minti Bakwai Kafin Ta Tashi

Sau ɗaya yayana ya taɓa marina a duniya, kuma a kan soket ne. Na gama buga wa wani malami wasiƙa, yunwa na cina, sai na miƙa hannu bayan tebur na zare wayar kwamfuta daga bango kamar yadda ake zare ta dutsen guga. Ban kai ga miƙewa ba na ji tafinsa a kumatuna, sai da kunnena ya yi ƙara. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru, tun muna yara ya san haka. Na ɗauki ƙarfen da muke huda takarda da shi na jefe shi, ya same shi a gira, jini ya ɗiga a kan takardun mutane.

"Kwamfuta ce, ba rediyo ba ce!" in ji shi, yana dafe da girar. "Sai ta ce miki a kashe ta, sannan ki kashe ta."

Yana da dalilinsa, ko da yake ranar ban yarda ba. Shagonsa na farko a Samaru yake, inda yake buga wa ɗaliban shekarar ƙarshe na jami'a ayyukansu. Wata rana aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kwamfutar ta mutu, ba ta sake tashi ba, aikin mutum goma sha ɗaya na cikinta. Huɗu daga cikinsu suka zo suka fito da shi titi, suka dake shi da bel da ƙafar kujera har ya yi sati bai je coci ba. Daga nan ya bar Samaru, ya kama ɗan shago a Sabon Gari kusa da layin masu sayar da kayan babur. Ya sayi wata tsohuwar kwamfutar, ya kuma kafa doka guda. Ba a taɓa soket sai baƙin allo ya fito da rubutun nan ruwan lemo mai cewa yanzu za a iya kashewa.

Ni ce mai bugawa, shi yana kan injin kwafi da ɗinkin littattafai. Kullum da safe mu taho tare daga Palladan, ya danna maɓalli, ya dubi agogon hannunsa. Minti biyu take ɗauka ta tashi, minti ɗaya ta mutu. Yana faɗa wa kwastomomi wannan da alfahari, sai ka ce shi ya ƙera ta.

Ni na lalata masa lissafin nan. Na sayo faifai a kasuwa mai ɗauke da salon haruffa iri-iri, masu lanƙwasa, masu jela, masu kama da an zana su da alƙalamin gora. Na zuba su duka a ciki, domin katin aure da takardar taron zumuntar mata su ne ke kawo mana mutane, kuma amare ba sa son rubutun wasiƙar ofis. Katunan suka yi kyau, ba ƙarya. Amma kwamfutar ta yi nauyi. Tashi ya koma minti bakwai, mutuwa minti huɗu. Yaya ya riƙa tsayawa a kaina da agogo yana ƙirgawa da ƙarfi.

"Shida da rabi. Ki cire tarkacen nan, ko ni in cire."

"Taɓa ka gani."

Don kada ya taɓa ɗin, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na shiga inda ake sauya rubutun ita kanta kwamfutar, na mayar da duk jerin umarninta da akwatunan tambayarta zuwa siririn rubutun katin aure, wanda kowane harafi ke rungume da ɗan'uwansa. Ni na haddace inda komai yake. Shi kuwa idonsa ba ƙarfi, ko da tabarau sai ya kai hanci kusa da gilashin. Ya zauna ya yi ta ƙyafta ido, ya tashi yana tsaki. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na yi ne don in ɓata masa rai, kuma ransa ya ɓaci.

Ranar da abin ya faru, Alhamis ce. Da safe na ƙara wasu haruffa, na sa kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta don su zauna. Tana da wani hali, duk abin da aka zaɓa na ƙarshe a akwatin kashewa, a nan ɗigon zaɓi yake tsayawa. Na san haka, ban dai kawo shi a raina ba. Da rana ta take na tsallaka titi sayen shinkafa da wake.

Ina tsaye mai abinci na zuba mini miya na ji ihu daga layin kayan babur. Daga baya muka ji cewa wani ɗan acaɓa ne ya yi cacar baki da mai shago a kan kayan da ya saya, aka fasa wa ɗan acaɓan kai da sifana, 'yan'uwansa suka taru. A lokacin ba wanda ya san dalili. Ƙofofin ƙarfe kawai ake ja, gararar, gararar, mata na kwashe tire suna gudu, hayaƙin taya ya tashi. Maƙwabciyarmu mai sayar da robobi, wata mata 'yar kudu, ta riga ta sa kwaɗo tana dukan ƙofarmu da tafin hannu, tana ihu da buroka cewa a kulle shago, ga su nan zuwa.

"Oga, lock shop! Dem dey come!"

Na jefar da kwanon na shiga da gudu. Na tarar da Yaya tsaye gaban kwamfuta, ya janyo ƙofa rabi, makulli a hannunsa. Allon ba baƙin da muke jira ba ne, hoton tashi ne. Ashe ya buɗe akwatin kashewa, ya kasa karanta rubutuna, ya danna yana zaton za ta mutu, ita kuwa ta bi ɗigon da na bari da safe, na ta mutu ta sake tashi. Ta riga ta cinye minti huɗu wajen mutuwa, yanzu ta fara bakwai ɗin tashi, kuma sai ta gama za a sake kashe ta.

"Yaya, mu tafi!"

"Saura kaɗan."

Na yi tsalle kan soket. Ya cafke wuyan hannuna ya murɗe har na durƙusa. Na cije shi a dantse da duk ƙarfina, na ji gishirin jininsa a bakina, bai saki ba. Muka yi ta kokawa tsakanin tebur da injin kwafi, ina zaginsa, ina kiransa mahaukaci, shi kuma idonsa na kan agogo.

"Aikin mutane na ciki," yake ta cewa. "Aikin mutane na ciki."

Dutse ya fara shigowa, ya tarwatsa gilashin taga. Sai ƙofar ta wage. Mutum uku ne, ban san fuskar ko ɗaya ba, su ma ba su san mu ba, layin kawai suke bi suna fasa duk abin da ke buɗe. Yaya ya tura ni ƙarƙashin tebur da gwiwarsa, ya juya ya tsaya gaban kwamfutar da hannuwa a buɗe. Na farkon ya sauke gora a kan injin kwafi. Na biyun sarƙar babur ce naɗe a hannunsa, ya wurga ta sau ɗaya. Na ji ƙarar tabarau ya fashe, na ga ƙafafun Yaya sun lanƙwashe, ya faɗo kusa da ni, hannu biyu a kan fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Wani ya yi kira daga waje, suka fita kamar yadda suka shigo.

Shagon ya yi tsit. A cikin shirun nan kwamfutar ta gama tashi, ta buga ɗan kiɗanta na maraba.

"Ki kashe ta da kyau," in ji Yaya daga ƙasa.

Na miƙe na fizge wayar da ƙarfin da sai da soket ɗin ya fito daga bango. Ni da mai robobi muka ɗauke shi ta lungun baya.

Idon hagu bai dawo ba. Likita ya ce gilashin tabarau ne ya shiga ciki. Bayan sati biyu na koma shagon ni kaɗai, na share fasassun gilasai, na sa aka gyara soket, na danna maɓalli. Ta nuna shuɗin allo na ɗan lokaci tana duba kanta, sannan ta tashi lafiya lau. Ko wasiƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a asibiti ba, kukan haushi, haushinta da nasa da nawa.

Ranar na goge haruffan faifan nan, na bar guda biyar don amare. Rubutun kwamfutar na mayar da shi baƙi, miƙaƙƙe, manya-manya, irin na allon 'yan aji ɗaya. Da Yaya ya dawo aiki da auduga a ido, ya danna maɓalli, ya ɗaga agogo kusa da idon dama.

"Minti biyu," ya ce. Ya daɗe yana kallon manyan haruffan. Na jira ya zage ni, na ma so ya sake marina. Sai ya juyo da dukan kansa, domin ta hagu nake tsaye, ya ce, "Yanzu ina gani."