Agogon da Kawu Ya Zo da Shi Daga Makka

Shekarar da kawuna ya sauke farali, tsarabar da ya fi ji da ita agogo ce. Irin na ɗorawa a kan tebur ne, mai aiki da wutar lantarki, lambobinsa ja wur, manya-manya kamar yatsun hannu. Dalili kuwa idonsa ya fara hazo. Da can inuwar katanga yake dubawa ya san azahar ta kusa, ga shi inuwar ta daina rabe masa da ƙasa, na hannu kuma allurarsa ta ɓace masa. Wannan jan dai yana ganinsa tun daga bakin ƙofa.

Kawu shi ke riƙe da makullin masallacin unguwarmu a Illela. Ba wanda ya naɗa shi. Ya saba ne kawai ya riga kowa, ya buɗe, ya kakkaɓe tabarmi ya shimfiɗa, kafin ladan ya iso. Tafiyarsa ta yi nauyi, don haka dole ya bar gida tun ba a kira ba. Mutum ne kuma da ya gwammace ya sha rana da ya tambayi matarsa ƙarfe nawa.

Ni a lokacin gyaran rediyo nake yi a wata rumfa kusa da kasuwa, na koyo a Sakkwato. Ni na jona masa agogon, na saita da rediyo da safe. Ran nan da azahar mutane suka taru a ƙofar masallaci, rana na dukan su, babu Kawu. Sai da aka aika. Ya zo yana faɗa wai ladan ya yi gaggawa. Washegari haka. Na je na gwada da nawa, sai ga shi duk awa guda agogon yana barin minti goma a baya.

"Kawu, agogon ga naka yana da nawa."

"Mi? Naka dai ka gudu. Wanga daga Makka ya hito."

"A ba ni in duba cikinai."

"Kai da ka kashe rediyon maƙwabcina? Kul!"

Rediyon nan, wallahi, ruwa ne ya shige shi tun kafin ya zo hannuna. Amma je ka gaya wa Kawu. Na haɗiye haushina na juya agogon, na karanta ɗan ƙarfen da ke manne a bayansa, nan na gano inda matsalar take. Agogon lafiyarsa lau. Wutar lantarki tana kai da komo ne, tamu ta nan sau hamsin a daƙiƙa, ta can Saudiyya sau sittin. A cikin agogon akwai wata baƙar aba mai ƙafafu da yawa, mu masu gyara aisi muke ce mata, aikinta ƙirga wannan kai da komon. In ta ƙirga sittin sai ta ce daƙiƙa ta cika. To an kawo ta inda ake ba ta hamsin, kullum tana jiran cikon goma. Bari kuma ta ɗauke wuta, wadda a garinmu ba a yi mata sallama. Da ta dawo sai agogon ya hau ƙifce-ƙifce, ya manta komai.

Na yi wa Kawu wannan bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ashe wutarmu ce maƙaryaciya, ya juya ya ci gaba da jan carbi.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da na ji dattawa suna magana ƙasa-ƙasa bayan la'asar. Ba da mugunta ba. Cewa suke tsufa ya zo, a hutar da shi, a ba wani makulli. Kawu yana bayansu yana laluben takalmi da ƙafa, kuma na san ya ji. Raina ya ɓaci sosai, don wannan mutumin shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

Washegari da hantsi sai ga shi a rumfata, abin da bai taɓa yi ba, da agogon naɗe cikin tawul. Ya ajiye a gabana, bai zauna ba.

"Kak ka canza mai hali," ya ce. "Abin da ya saba ci za ka ba shi."

Hakan kuwa na yi. Na ciro kiristal daga wata matacciyar talabijin mai kala da wani ɗan Ƙonni ya bar mini. Kiristal ɗan gwangwani ne da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da ɗan dutse a ciki. In ya ji wuta yana karkarwa sama da sau miliyan uku da rabi a daƙiƙa, kuma ba ya sauya taki. Wannan gudu ya fi ƙarfin agogo, sai an rage. Akwai aisi mai ƙafa takwas da ke wannan aikin, ta raba karkarwar, ta sake raba abin da ta raba, har ya sauko sittin cif. Babu irinta a Illela. Wani direban motar albasa na roƙa, ya sayo mini a Kano, ya kawo ta ƙulle a bakin hularsa yana tambaya ko laya ce.

Na sha wahala. Sau biyu dalmar liƙi tana haɗe mini ƙafafun aisin, na zagi kaina har mai shayin gefe ya leƙo. Daga ƙarshe na cusa komai a gwangwanin madara, na ja waya zuwa cikin agogon, na ɗora duka a kan tsohon batirin mota. Na bar shi kwanaki a rumfa ina gwada shi da rediyo. Bai kauce ba ko da minti guda. Ranar da aka ɗauke wuta lambobin suka ci gaba da tafiyarsu, ni kaɗai na yi ta murmushi kamar wawa.

Da na kai masa gida, Kawu bai ce na gode ba. Shafa gwangwanin ya yi, ya ce aikin ba shi da kyan gani. Duk wanda ya zo gaishe shi kuwa sai ya nuna masa agogon, ya ce kayan Makka daban ne. Ni dai nawa cajin batiri, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba.

Cikin damina aka yi wata rana hadari ya rufe gari tun safe, babu rana babu inuwa, agogon hannun ladan kuma ya tsaya. Na isa masallaci na tarar ƙofa a buɗe, tabarmi a shimfiɗe, Kawu zaune a kusurwarsa, agogonsa ya fito da shi daga gida a kan kari. Ladan ya shigo yana karkaɗe riga, ya dubi sama, ya dubi hannunsa. Sai ya matso ya durƙusa kusa da Kawu.

"Alhaji, lokaci ya yi?"

Kawu ya ɗago kai. Ya gyara zama, ya bari duk wanda ke wurin ya juyo.

"Da saura kaɗan," ya ce. "Zamna, ni ka hwaɗa maka."